Bidiyo Marasa Sauti

Tun farkon zango Malama take ɗaukar yaran ajinta a bidiyo. Makarantar ta kurame ce, ita kuma ƙananan take koyarwa, waɗanda suka fara koyon maganar hannu. Abin da ya dame ta shi ne yaro zai koyi kalma a aji, ya koma gida ya yi ta nuna wa uwarsa, uwar ta yi ta murmushi tana gyaɗa kai, ba ta san ruwa yake nema ko cikinsa ke ciwo ba. Shi ya sa ta ari kyamarar makaranta. Kowane yaro zai tsaya a gaban farin bango, ya ɗaga kwalin da aka rubuta kalma a jiki, ya ajiye, sannan ya yi alamarta da hannu: ruwa, yunwa, ciwo, banɗaki, tsoro, gobe, jibi. Niyyarta ta raba wa iyaye kafin a tafi hutu, su riƙa kallo a waya suna kwaikwayo.

Da ta tura wa iyaye kaɗan don gwaji, ba wanda ya dawo da labari mai daɗi. Wani ya ce baƙin allo kawai yake gani. Wani ya ce wayarsa ta ce ba ta san irin wannan fayil ba. Wata ta ce tun safe abin yake juyawa, ya cinye mata data, bai sauka ba. Kyamarar sabuwa ce, kuma tana ajiye bidiyo a wani salo mai nauyi da yawancin wayoyin iyayen ba su iya buɗewa.

Malama ta samo wani shafi a intanet da ke juya bidiyo zuwa salon da kowace waya ke ci. Tana cikin ɗora na farko a ofishin malamai sai Shugabar makaranta ta leƙo ta kafaɗarta, ta ga fuskar wata yarinya a allon.

"Ina kike kai 'yar mutane?"

"Shafi ne mai juya bidiyo, ranki ya daɗe. Yana gamawa zan sauke."

"Shafin wa? Kin san shi? Kin san inda yake ajiye abin da aka ba shi?"

Malama ta ɗauke hannu daga kwamfutar, Shugaba ta ci gaba:

"Iyayen nan sun yarda a ɗauki 'ya'yansu ne don a ba su abinsu, ba don a kai wa wanda ba mu sani ba. Fuskar yaro ko ɗaya ba za ta fita daga makarantar nan ba. Nemi wata hanya."

Gaskiya Shugaba ta faɗa, kuma abin da ya ƙara wa Malama haushi ke nan. Bidiyon kuwa ɗaruruwa ne. In ta ce za ta bi su ɗaya bayan ɗaya a ƙaramar kwamfutarta, yaran za su gama makarantar ba ta gama ba.

Sai ta kira yayanta, wanda ke aikin kwamfuta a wani kamfani a wani gari. Mutum ne mai saurin magana, kullum kamar mota na jiransa a waje.

"Auta, wannan ai ba aiki ba ne," in ji shi. "Ba ku da wata tsohuwar kwamfuta a makaranta? To ki sa mata manhaja, ta zama taku ta kanku, ba ruwanku da shafin kowa. Folda biyu ce. Ki zuba a wannan, su fito a waccan. Kafin shayinki ya huce kin gama."

"Yaya, ni fa malamar ƙananan yara ce."

"Kin iya karatu ai. Zan turo miki bayanin. Ana kirana, sai anjima."

Tsohuwar kwamfutar tana ɗakin ajiya, bayan ɗakin karatu, tsakanin kujeru masu karyayyun ƙafafu da wata taswira a naɗe da wata ƙwallo da iskarta ta fice tun bara. Taga ɗaya ce a ɗakin, tana kallon bayan shagon wani mai walda. Wanda ya taya ta share wurin shi ne malamin aikin katako, da kowa ke kira Dogo. Kurma ne tun haihuwa, a makarantar ya yi karatu kafin ya dawo yana koyarwa. Ya ciccibi akwatin kwamfutar ya hura shi, ƙura ta turnuƙe su, sannan ya yi wa teburin sabuwar ƙafa ya tafi abinsa.

Wanda ya rubuta bayanin da Yaya ya turo yana ƙaunar kalmar "kawai". Kawai ka sauke wannan. Kawai ka buga wannan umarni. Kawai ka buɗe shafin. Malama ta sauke na farkon, ya ce ba zai zauna ba sai an sa masa wani abu tukuna. Ta nemo wani abun, shi ma ya ce kwamfutar ta tsufa, sai an sabunta ta. Ta ce a sabunta, aka tambaye ta kalmar sirri. Malamin da ya sa kalmar ya bar makarantar tun kafin a ɗauke ta aiki. Shugaba ta gwada sunan makaranta, ta gwada shekarar da aka kafa ta, ta gwada sunan kyanwarta, sannan ta ce tana da baƙi a ofis.

Yaya ya ce a goge komai a ɗora sabo. Malama ta yi haka, a ɗan lokacin da take samu tsakanin tashin yara da rufe ƙofar makaranta. Daga nan ta shiga duniyar wata baƙar taga inda ba a danna komai sai dai a buga umarni harafi bayan harafi. In ta yi daidai, kwamfutar ba ta cewa komai. In ta yi kuskure, sai ta zubo mata rubutu kamar ana zazzage buhu.

Akwai wani ɗan fayil da ake gaya wa manhajar inda folda biyun suke. Malama ta kwafe shi yadda yake a bayanin, ta duba, ta sake dubawa. Manhajar ta ce akwai kuskure a wani layi. Ta zura wa layin ido har idanunta suka fara ruwa. Ba abin da ya bambanta shi da na bayanin. Ta aika wa Yaya saƙo.

"Turo hoto," ya rubuto.

Ta tura. Ta ga alamar ya karanta. Ta koma gida, ta dafa abinci, ta wanke wa 'yarta kai, ta kwana, ta tashi, ta koyar. Sai da rana ta yi tsaka amsa ta zo: "Kin bar fili ɗaya a farkon layin."

Ta kira shi nan take.

"Wane fili? Babu komai a wurin!"

"To ai babu komai ɗin ne ya yi yawa. Rage shi."

Ta goge filin da ba a gani. Ta buga umarnin. Kwamfutar ta yi gurnani, fankarta ta ɗauka, sai ga shafi ya buɗe, fari tas, da wuri ɗaya na layin jira. Malama ta tafa hannu ita kaɗai a ɗakin ajiya. Ta ɗauki wayarta ta yi ɗan bidiyo na kujerun, tana cewa "gwaji, gwaji", ta zuba shi a folda ta farko. Sunansa ya bayyana a layi, wani siririn zare ya cika, ya zama kore. Ta buɗe folda ta biyu. Wayam.

Wannan ya ci mata sauran makon. Manhajar na cewa ta gama, foldar na cewa ba ta ga kowa ba. A ƙarshe ta gano da kanta cewa ta juya sunayen biyu a wancan ɗan fayil, shi ya sa manhajar ke ajiye aikin a cikin cikinta maimakon ta miƙo shi waje. Da ta gyara, bidiyon kujeru ya fito, ƙarami, mara nauyi, muryarta na cewa "gwaji, gwaji" tar da ita. Ta tura wa mijinta a tsohuwar wayarsa, ya buɗe. Ya tambaye ta ko kujerun na sayarwa ne.

Ranar nan da aka tashi ta kwashe duk bidiyon yaran ta zuba a folda ta farko. Layin jira ya cika har ƙasa. Ta roƙi maigadi kada ya kashe wutar ɗakin, ta tafi gida da sauƙin rai irin wanda ta daɗe ba ta ji ba.

Da safe ko jakarta ba ta ajiye ba ta wuce ɗakin ajiya. Ta taɓa linzamin kwamfutar, allon ya haska. Ja. Ta gangara ƙasa. Ja, ja, ja. Ko ɗaya bai tsira ba. Na kujerun ne kaɗai kore a can sama, yana zaune kamar ɗan gata.

Ta ja kujera mai ƙafa uku ta zauna a gefen da ke da ƙafa. Ta danna na farko, ta bi dogon rubutun da ke ƙarƙashinsa da yatsa, layi bayan layi, yawanci ba ta gane ba, har ta zo wanda ta gane. Manhajar ta ce ta nemi sauti a fayil ɗin ba ta samu ba, don haka ta daina. Ta danna na biyu. Haka. Na goma. Haka.

Ita ce ta kashe makirfon kyamarar tun ranar farko. Mai walda yana dukan ƙarfe daga safe zuwa yamma, kuma me za a yi da sauti a bidiyon maganar hannu? Ta ɗauka ma ta yi dabara, ta rage nauyi.

Dogo ya wuce ta ƙofar da katako a kafaɗa, ya ga fuskarta, ya dawo da baya. Ya jingine katakon ya tambaye ta da hannu: "Ta mutu?"

"Ba ta mutu ba," Malama ta amsa da nata hannun, da ƙarfin da ya sa awarwaronta ya buga tebur. "Ta ƙi su ne. Ta ce ba su da murya."

Ya dube ta, ya dubi jan layin da ke allon, ya sake duban ta. Ya nuna akwatin kwamfutar da haɓa.

"Ita ma?"

Ya yi dariyarsa mai fita ta hanci, kafaɗunsa na rawa. Malama ba ta yi ba. Da ya ga haka ya daina, ya ɗauki katakonsa. A bakin ƙofa ya juyo ya ce, "Kada ki jefe ta da komai. Ni zan gyara teburin."

A lokacin hutun tara ta kira Yaya. Bai ɗauka ba. Ta sake kira. Ta sake. Ya ɗauka da raɗa.

"Auta, ina cikin taro."

"Ka fito daga taron."

"Me ya faru? Inna ce?"

"Inna lafiyarta ƙalau. Ni ce ba lafiya. Ka ce kafin shayina ya huce. Yaya, an kusa yin hutu! Kullum sai na bar 'yata a hannun maƙwabciya na zauna a ɗakin da ɓeraye ma suka gudu. In na tambaye ka abu sai ka jefo min kalma biyu kamar kana ba kaji hatsi. Yanzu abin da ka ce in sa ya ce ba zai taɓa bidiyon yarana ba saboda ba su da sauti. A makarantar kurame! Wanda ya ƙera shi bai taɓa tunanin akwai irinmu a duniya ba ne?"

Ta ji ƙarar kujera, da buɗe ƙofa, da rufewa. Da ya sake magana muryarsa ta sauko.

"Karanta min layin da ke saitin, wanda ya fi tsawo."

Ta karanta masa, harafi da lamba, tana haɗiye fushi tsakanin kowace kalma.

"Tsaya nan. Wannan yana cewa ɗauki hoto. Na gabansa yana cewa ɗauki sauti. Ba a ba ta zaɓi ba, shi ya sa take tsayawa. Sa alamar tambaya a ƙarshensa. Ma'anarsa, ɗauki sauti in akwai."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan."

"Alamar tambaya ɗaya."

"Ai da kin gaya min ba su da sauti tun farko..."

"Yaya."

"Na yi shiru. Gwada, ina kan layi."

Ta sa. Ta zaɓi na farko ta ce a sake. Zaren ya cika ya zama kore. Ba ta yi murna ba, gajiya ce kawai ta sauko mata a wuya. Ta ce masa ya koma taronsa. Ya ce taron ba shi da daɗi dama, kuma da yamma zai kira. Ya kuwa kira, abin da ya ba ta mamaki fiye da alamar tambayar.

Washegari folda ta biyu ta cika. Ta zuba kaɗan a wayar Dogo, don tasa ce mafi tsufa a duk makarantar, fuskarta a tsage daga kusurwa zuwa kusurwa. Ya buɗe, yaro ya ɗaga kwali, ya ajiye, ya yi alama. Dogo ya gyaɗa kai. Ya buɗe wani. Ya sake buɗe wani. Sai ya tsuke fuska. Ya rufe rubutun kwalin da babban yatsa, ya miƙo mata wayar.

"Me ta ce?"

Malama ta kalla. Hannun yarinyar da ke bidiyon ya tashi, ya zama wani hazo-hazo, ya sauka.

"Gobe."

Ya mayar da bidiyon farko, ya ɗauke yatsansa. Jibi ne.

Ta gane inda ta yi. Cikin saitin akwai zaɓi na girman fayil, ita kuma ta zaɓi mafi ƙanƙanta, don tana tuna matar da datarta ta ƙare. Ashe don ta rage nauyi manhajar tana zubar da wasu hotunan da ke tsakani. Fuska tana nan, bango yana nan, amma yatsu masu sauri sun narke. In mutum na magana da baki ba zai damu ba. Nan kuwa yatsun su ne maganar.

"Duka?" ta tambaye shi.

"Masu tafiya a hankali sun fita. Masu sauri sai an sake." Ya ɗan yi tunani. "Yaranki duk masu sauri ne."

Ta kifa kanta a kan teburin. Ta daɗe a haka. Ƙarar dukan ƙarfe na shigowa ta taga, fankar kwamfutar na kuka a kunnenta. Da ta ɗago, Dogo yana nan, ya jawo wata kujerar ya zauna.

Suka shiga gwaji da bidiyon jibi ɗin nan guda. Ta canja saiti, ta juya, ta zuba masa, ya kalla ya girgiza kai. Ta ƙara, ya ce yatsu sun fito amma wayar na sarƙewa. Ta rage faɗin hoton ta bar yawan hotunan yadda suke, ya kalla sau biyu, ya rufe kwalin ya nuna wa wani yaro da ke wucewa. Yaron ya faɗi daidai ba tare da tsayawa ba. A nan suka tsaya.

Sabon saitin ya fi wahalar da tsohuwar kwamfutar. Tana cikin aiki sai ta yi zafi ta kashe kanta. Dogo ya kwance murfin gefenta, ya ɗauko fankar ofishin malamai ya saita mata. Malamai suka yi ta fifita da littattafan yara suna tambayar wa ya ɗauke fanka, Malama ta sunkuyar da kai tana gyaran aiki. Aka ɗauke wuta sau ɗaya, da ta dawo manhajar ta koma farkon layi ta fara sake waɗanda ta riga ta gama. Malama ta tsaya tana kallonta, hannu a ƙugu, ta ce da ƙarfi, "Wallahi ke ba ki da tarbiyya." Sannan ta nemo ɗan akwatin da ake dannawa don a tsallake wanda aka gama, yana can ɓoye a ƙasan wani shafi da ba ta taɓa buɗewa ba.

Da ta ga ba za a gama duka kafin hutu ba, ta tsame kalmomin da ba a iya jira da su ta kai su gaban layi: ciwo, zazzaɓi, ruwa, yunwa, tsoro, daina, zo nan. Sunayen launuka da na dabbobi ta bar su a baya.

Ranar hutu iyaye suka cika babban ɗakin taro. Malama ta kafa tebur a kusurwa, suna miƙo waya tana zubawa. Yawancinsu ya buɗe. Nan da can sai ka ga uba ya tsaya tsakiyar hanya, waya a hannu ɗaya, ɗayan hannun yana lalube a iska. Wasu suka yi godiya, wasu suka tambayi me ya sa babu sauti, ta amsa musu da haƙurin da ba ta san ya rage mata ba.

Can wajen ƙarshe wata tsohuwa ta iso, jikanta na riƙe da gefen mayafinta. Ita ke riƙon yaron. Ta kwance wayarta daga ƙullin zani, 'yar ƙarama mai madannai, allonta bai fi akwatin ashana ba. Malama ta zuba ɗaya ta gwada. Ya buɗe, amma hannun yaron da ke ciki bai fi ƙwayar wake ba.

"Kaka, wannan ba za ki ga komai ba. Sai na koma na yanke hoton, na matso da hannun kusa. Wani saiti ne daban, ban ma san ko zan iya ba."

Tsohuwar ta kai wayar kusa da ido, ta nisanta ta, ta mayar ƙullin zani.

"'Yar nan, ko kin matso da shi idona ba zai gani ba. Ba ga ki ba? Nuna min na ciwo. Shi ne yake hana ni barci, in ya yi kuka ban san ina ne ba."

Malama ta dubi sauran mutanen da ke layi, ta ce su ɗan jira. Ta zagayo ta zauna kusa da tsohuwar a benci, ta kama yatsunta, masu tauri kamar itace, ta lanƙwasa su yadda ya kamata. Tsohuwar ta gwada, ta ɓata. Jikan ya ture hannun Malama, ya kama na kakarsa da hannu biyu ya gyara mata da kansa, yana ɓata fuska irin ta malamai.

"Ka ga ja'iri," in ji tsohuwar. "To saura na ciki, da na kai."

Wani uba daga layi ya ce, "Malama, motarmu za ta tashi fa."

"Ina zuwa," ta ce, ba ta ɗago ba. Ta ɗora tafin tsohuwar a kan ciki ta ce, "Fara daga nan, Kaka."